Da aka rushe Haikali, me ya rage a hannunsu?



A Markus sura 13 almajirai sun tsaya suna mamakin girman duwatsun Haikali, sai Yesu ya gaya musu za a rushe shi duka. Mukan karanta wurin mu wuce, alhali abin ya faru. A shekara ta 66 bayan haihuwar Almasihu Yahudawa suka yi wa Romawa tawaye. A shekara ta 70 Taitas, ɗan sarkin Rum, ya kewaye Urushalima, sojojinsa suka ƙone Haikali. Har harajin rabin shekel da maza ke biya domin Haikalin aka karkatar da shi zuwa ɗakin gunkin Jufita a Rum, aka kuma ɗora shi a kan mata da yara.

Mu tsaya mu ji nauyin wannan. Ga Bayahuden wancan zamani, hadaya tana da wuri ɗaya tak, bagade ɗaya a birni ɗaya. Da bagaden ya tafi, ina za a kai ɗan ragon Idin Ƙetarewa? Wa zai shiga Wuri Mafi Tsarki a Ranar Kafara? Sadukiyawa, waɗanda ƙarfinsu duka ya rataya a kan Haikali, suka ɓace daga tarihi. Masu takobi kuwa, ragowarsu suka ƙare a kan dutsen Masada. Da jikokinsu suka sāke tashi a 132 ƙarƙashin Bar Kokba, wanda wasu suka ɗauka shi ne Almasihu, sarki Hadiriyan ya murƙushe su a 135, ya hana Bayahude zama a Urushalima, birnin ma ya koma amsa sunan Romawa.

Waɗanda suka rayar da al'ummar malamai ne. Al'adar Yahudawa ta ce almajiran Yohanan ben Zakkai sun fitar da shi daga birnin da aka kewaye a cikin makara, kamar gawa. Da ya isa gaban Romawa, abin da ya roƙa shi ne a bar masa garin Yabne da malamansa. Masu zafin zuciya za su kira wannan tsoro. Mu dai muna ganin ya fi su hangen nesa.

Daga Yabne, daga baya kuma Galili, aka sāke shimfiɗa rayuwa. Addu'ar safe da ta la'asar suka tsaya a madadin hadayun da akan miƙa a waɗannan lokuta. Idin Ƙetarewa ya koma cikin gida, yaro ya yi tambaya, uba ya ba da labarin fitowa daga Masar. Maza goma suka isa a yi sujada a kowane gari. Wajen shekara ta 200 aka tattara koyarwar malaman a littafin da ake kira Mishna. Abin da ke taɓa mu a cikinsa shi ne, ya ƙunshi awon Haikali da tsarin hadayar kullum dalla-dalla, bayan fiye da shekara ɗari babu Haikalin. Sun ƙi mantawa, amma ba su zauna jiran gini kafin su yi sujada ba.

Kada mu karanta wannan da dariyar ƙeta, kamar yadda wasu masu wa'azi ke yi. Manzo Bulus a Romawa 11 ya riga ya ja wa reshen da aka ɗaura kunne kada ya yi wa rassan da aka sare fahariya.

Mu ma a ƙasar Kano muna da irin wannan labari. A shekarun 1860 aka kashe Malam Ibrahim a kasuwar Kano, saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a koyarwarsa. Almajiransa, Isawa, suka warwatsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau. Ba su da majami'a, ba su da Linjila a hannu. Abin da malaminsu ya koya musu suka riƙe a ka, suka zuba wa 'ya'yansu, har a 1913 wasu daga cikinsu suka nemi Dokta Miller a Zariya. Suka kafa ƙauyen Kirista a Gimi, ciwon barci ya watsa shi. Duk da haka, daga zuriyarsu aka sami da yawa cikin waɗanda suka raya ikilisiyar Wusasa.

Iyayenmu sun ga majami'u sun ci wuta a Kano a 1991 da 2004. Saboda haka idan wani cikinku ya ce gara a rama, mun san daga inda zafin ya fito, ba ma raina shi. Sai dai mun ga inda hanyar Bar Kokba ta kai mutanensa, mun kuma ga abin da makarantar Yabne ta bari.

Tambayar da ke damunmu a nan Kausani ta fi kusa da gida. Muna tara kuɗin kwanon rufi da na amsa-kuwwa, ba laifi. Amma a ce wata Lahadi an wayi gari ƙofar majami'a a rufe, fasto ba ya nan, wata shida. A gidaje nawa za a ci gaba da addu'ar safe? Wa zai iya buɗe Littafi Mai Tsarki ya bayyana wa kakarsa sura ɗaya? Tun 1932 muke da shi cikakke da Hausa, abin da Isawa na farko ba su taɓa riƙewa ba. Da yawanmu kuwa yana cikin waya, tsakanin WhatsApp da ƙwallon Ingila.

Kafin taron zumunta mai zuwa, kowa ya ƙirga mutanen gidansu da ke iya karanta Hausa da murya, ya rubuto sunayen waɗanda ba su iya ba. Za mu raba su tsakaninmu, mu soma da Markus 13.