Kwabon kakata da hoton da ya rage masa daraja

Bayan rasuwar kakata, Allah Ya jiƙanta, da muka buɗe adudunta a gidanmu na Kiyawa, sai muka tarar da wani ƙullin tsumma a ƙarƙashin zannuwa. A ciki akwai kwabo mai huji guda goma sha ɗaya, da anini bakwai, da liyari biyu na azurfa waɗanda maƙerin fari ya yi wa kunne don a rataya a wuya. Duk sun yi baƙi. Da yake kayan magada ne, kuma ni ne ake gani ɗan boko, sai aka ɗora mini nauyin gano abin da za su yi a kasuwa. Na taho da su Dutse, na ajiye a aljihun tebur, aikin jarrabawa ya sha kaina.

Ɗan yayana da ke zaune wurina yana karatu ne ya ga abin ya daɗe. Ya sha jin jita-jitar da ke yawo cewa Turawa na sayen kwabo mai huji da miliyoyi. Ran nan na dawo daga aji na same shi a tsakar gida da toka da lemon tsami, ya goge rabin sulallan suna ta walƙiya. Ya ce, "Baffa, ai a waya ido ne ke ciniki. Wa zai sayi baƙin abu?" Ban tsawata masa ba, don ni ma a raina na ga sun yi kyau. Ya ɗauki hotunansu a kan farin ƙyalle cikin hasken rana, muka aika wa wani mai tara tsofaffin sulalla a Ingila, wanda wani abokin karatuna ya haɗa ni da shi.

Amsarsa ta zo a taƙaice. Ya nemi a sake ɗaukar hoton a inuwa, gaba da baya, a kuma karkata kwabon kaɗan. Da muka yi haka, sai ga abin da hasken rana ya ɓoye: siraran zane-zane birjik a fuskar ƙarfen, sawun toka. Ya ce waɗanda aka goge ba ya bukatarsu. Waɗanda ba a taɓa ba kuwa ya yi musu tayi.

Abin ya tsaya mini a rai, na shiga karatu. Ashe a wannan harka, launin da shekaru ke shafa wa ƙarfe shi ne shaidar cewa hannu bai ɓata shi ba, gogewa kuwa tana kankare fatar da ya fito da ita daga maƙera, kuma ba ta dawowa. Suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949, kuma akwai kamfanoni irin su PCGS da NGC da ke duba sulalla su rufe su cikin roba da lambar daraja. Wanda aka goge, rubutawa suke yi a jiki cewa an goge shi. Tun da ciniki ya koma intanet, mai saye ba ya riƙe kwabon a hannu, hoto kawai yake gani, shi ya sa gogaggu a cikinsu suka koyi zargin hoton da ya cika kyau. Haske mai ƙarfi na shafe tabo, karkatar da fitila na fito da shi, kuma kwabo ɗaya zai iya zama biyu a ido gwargwadon inda aka tsaya.

Maganar miliyoyi kuwa, babu ita. Biyu daga cikin kwabban na ɗauke da shekarar 1936 da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan gadon sarautar Ingila ba ya yi murabus. Na ɗauka mun tsinci dami a kala. Amma Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta sa an buga irinsu da yawan gaske don Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, saboda haka ba su da wuyar samu. Liyarin ma haka. Na ga 1780 a jikinsa na yi zaton ya haura shekara ɗari biyu, ashe duk liyarin Maria Theresa da aka ci gaba da bugawa bayan mutuwarta wannan shekarar ake sa masa. Kuɗinsa na azurfar jikinsa ne, kimanin giram 28 kowanne, kuma kunnen da maƙeri ya liƙa masa aibi ne a idon masu tarawa.

A nan ne muka raba hanya da su. Wannan kunne da suke kira aibi, da shi kakata ta rataya liyarin a bukukuwa, kuma na tuna ƙararsa idan ta sunkuya. Hoton da na aika bai ɗauki wannan ba, kuma ban ga laifin mutumin da bai biya kuɗinsa ba. Haka nan hoton bai gaya masa cewa tauraron nan mai tsini shida da rubutun Larabci a jikin kwabon su ne kuɗin da tsofaffinmu suka biya haraji da su ba, ko cewa anini ya bar kasuwa tun kafin zuwan naira a 1973 amma ya maƙale a bakinmu, har yau muna cewa an ƙara wa soja anini a kafaɗa.

Tayin da ya yi wa sauran bai kai abin da zan kashe wajen aika su ba. Na koma Kiyawa na yi wa 'yan'uwa bayani dalla-dalla, har da ɓarnar tokar, wadda na ɗauki alhakinta tun da a gabana aka ƙarasa. Gwaggona ta yi shiru, sannan ta ce a kai liyaran wurin maƙerin fari a auna, ta biya magada kuɗinsu ta riƙe. Kwabban da aninan aka raba wa jikoki. Ni na zaɓi ɗaya daga cikin baƙaƙen. Ɗan yayana ya ɗauki wanda ya fi walƙiya, ya zura masa zare ya ɗaura a makullin babur ɗinsa.