Ƙofar Gidanmu: Marmara, Siminti Ko Pabe?

A wannan wata muna so mu ɗan ajiye maganar makaranta da jarrabawa, mu kawo muku wata magana ta cikin gida wadda ta hana mu sakat har kusan wata huɗu. Maganar kuwa ita ce ta ɗan filin da ya taso daga bakin hanya, ya ratsa babbar ƙofar gidanmu, ya kai inda muke ajiye mota da babura. Faɗinsa mita 4 ne, tsawonsa mita 10. Wani zai ce mene ne abin rubutu a kan filin da bai kai girman aji guda ba? To, a yi mana haƙuri a bi mu sannu, domin mun san gidajen Hausawa da dama a Wagadugu suna da irin wannan fili, kuma suna da irin wannan gardama.

Mu 'ya'yan Zangwetin ne, watau tsohon zangon Hausawa da ke tsakiyar gari, inda kakanninmu fatake masu bin hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja suka sauke kaya a ƙarƙashin sarkin Mosawa. A can aka yanke mana cibiya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwa ne a Rood Woko, kuma 'yan shekaru kafin a tashe mu ya tara kuɗi ya malale ƙofar gida da siminti, ya yi dakali. Nan ake zaman shayi, nan ake shimfiɗa tabarmi ranar suna ko ɗaurin aure, nan yara ke karatun allo da dare. A shekarar 2003 abu biyu suka haɗu masa: kasuwa ta ƙone a watan Mayu, sa'an nan shirin ZACA ya kai ga rushe unguwar tare da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin. Aka ba mutane filaye a gefen Waga 2000 da kuma Niyoko. Mu muka faɗo cikin na Waga 2000.

Abin da ba za mu manta ba shi ne ranar kwashe kaya. Mun cire kwanon rufi, mun cire ƙofofi da tagogi da katako, har bulo mun tsinto wanda bai fashe ba, muka loda a amalanken jaki. Abu guda ne ya gagari ɗauka, shi ne simintin ƙofar gida. Baba ya tsaya a kansa ya daɗe bai ce uffan ba. Da muka gina sabon gida, duk sa'ad da aka ta da maganar gyara ƙofa sai ya ce, "Ku bar ta haka. Abin da ba ka iya ɗauka, kada ka binne kuɗinka a cikinsa." Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har ya koma ga Mahaliccinsa ƙofar gidanmu ƙasa ce tsura, mu kuma ba mu saɓa masa ba.

Shekara ashirin muka yi a haka. Da hunturu ƙura ta shiga har cikin randa, da damina wurin ya zama fadama. Ƙaninmu mai tuƙa koriyar tasi ya sha kiran yaran unguwa da sassafe su tura masa mota daga cikin taɓo. Duk wannan muna jurewa, sai a watan Agusta na 2023, bayan an kwana ana ruwa, Inna ta fito da asuba za ta leƙa maƙwabciya mai naƙuda, santsi ya kwashe ta, ta karye a wuyan hannu. Tsohuwa ce da ta haura saba'in. A ranar muka san cewa maganar Baba ta kai iyakarta, dole a shimfiɗa wani abu.

Da damina ta ɗauke muka zauna shawara, nan take ra'ayi ya rabu uku. Inna ta ce a yi daɓe irin na da. Ƙaninmu ya ce siminti, a yi sau ɗaya a huta. Uwargida kuma ta ce ita pabe take so, watau ƙananan bulon nan masu kauri da ake jerawa a ƙasa, irin waɗanda ta gani a bakin manyan tituna. Mu da Allah ya ɗora wa girman gida, kuma aka koya mana a makarantar horon malamai ta Lumbila cewa ba a yanke hukunci sai an yi lissafi, sai muka ɗauko alli da allo.

Muka fara da na Inna. Ita ba ta kiran sunanmu saboda kunyar ɗan fari, sai ta ce, "Malam, ku yaran yanzu ba ku san daɓe ba. Mu da muka yi shi da makuba, sai ya shekara goma bai tashi ba." Gaskiya ta faɗa. A da mata kan taru, a zuba marmara da 'yar tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi, a ƙarshe a shafe da ruwan makuba wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, wurin ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Amma wancan daɓe na tafin ƙafa ne da tabarma, ba a yi shi don tayar mota ba. Marmara dai ita ce mafi araha a garin nan, tun da ƙasarmu ce. In za a zuba mai kaurin santimita 15 a filin namu, mita 6 ke nan na awon tifa, a jiƙa a daddaɓe. Aibinta shi ne kowace damina ruwa na ɗibar rabonsa, taya na tona rami, sai an ƙaro. Ƙura kuma tana nan. Mun kuma duba tsakuwar dutse irin wadda mata ke fasawa da hannu a ramin Pisi. Ita ba ta taɓo, ruwa na nutsewa a cikinta, amma babur na zamewa a kanta, ba ta sharuwa, ba a shimfiɗa tabarmar salla a kanta a ji daɗi, tsohuwa mai sanda kuwa ba ta da abokiyar gaba kamarta.

Sai muka koma kan siminti. Magini ya ce in mota za ta hau, kaurin kada ya gaza santimita 10. A filin mita 40 wannan ya ba da mita 4 na kwaɓi, kowane mita kuma yana cin buhu 7 in ana son aiki mai kyau, jimla buhu 28 masu kilo 50, ban da yashi da tsakuwa da rodi da ladan ma'aikata. Sa'an nan sai an yanka shi gida-gida kamar kowane mita 3, in ba haka ba zafin watan Afrilu zai tsaga shi inda ya ga dama. Sai an yi ta ba shi ruwa har kwana 7, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai bayan kwana 28. Ƙaninmu ya ce duk ya ji ya gani, zai kawo rabin kuɗin. Mu ma, a gaskiya, zuciyarmu ta karkata can, domin siminti na da sauƙin shara, kuma a kamfanonin Kosodo ake yin sa, ba a rasa shi a kanti.

Ana cikin haka sai maƙwabcinmu na gefen gabas ya yi sallama da mu bayan la'asar. Dattijo ne daga 'yan'uwanmu Mosawa, duk unguwa Yaba muke kiransa, watau kaka. Gidansa ya fi namu kwari, katangarsa kuma ta tubalin ƙasa ce. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, na ji za ku zuba siminti. Allah ya sa albarka. Tambaya ɗaya gare ni: ruwan ina za shi?" Muka ce, "Yaba, ai bakin hanya zai tafi." Ya yi murmushi ya ce, "Ruwa bai san hanya ba, kwari ya sani." Ya tashi ya tafi, bai ƙara ko kalma ba.

Daren nan kunya ta hana mu barci, domin wannan darasi ne da muke koya wa yara a aji. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai mita 1 ta kowane gefe lita 1 ne. Ke nan in aka yi ruwa milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, filin namu kaɗai zai tara lita 2,000, watau duro 10 irin wanda masu tura ruwa ke sayarwa. Ban da wanda ke zubowa daga kwanon rufi. Ƙasa tsura tana shan wani abu daga ciki, tana kuma rage masa gudu. Siminti kuwa ko ɗigo ba ya sha, duka zai tattara ya miƙa wa gindin katangar Yaba.

Wanda duk ya zauna Wagadugu ya san abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. Ranar Talata 1 ga Satumba 2009, cikin watan azumi, an yi ruwa milimita 263 a yini guda, alhali abin da garin ke samu a shekara bai cika wuce 800 ba. Madatsun ruwa suka cika suka tumbatsa, ruwa ya shiga babban asibitin Yalgado Ouédraogo, mutane wajen 150,000 suka shiga halin ni-'yasu, daga baya aka tsugunar da wasu a Yagma. Mafi yawan gidajen da suka faɗi na tubalin ƙasa ne, kuma daga gindi ruwa ya ci su. Makarantu suka zama masaukin waɗanda suka rasa matsuguni, mu malamai mun gani da idonmu. Irin wannan ruwa a filinmu ya haura duro 52. Mu da aka taɓa rushe mana gida, yaya za a yi mu zama sanadin faɗuwar katangar wani?

Haka muka dawo kan maganar uwargida. Pabe ba a kan siminti ake ɗora shi ba. Ana daddaɓe marmara a ƙasa, a shimfiɗa yashi mai kaurin santimita 3 zuwa 5, a jera pabe a kai, a cike tsakaninsu da yashi mai laushi, a kuma yi masu ɗan bangon siminti a gefe don kada su baje. Mai kaurin santimita 6 ya ishi ƙaramar mota, in babbar mota ce za ta riƙa shiga sai mai santimita 8. Kada kuma a ruɗe ku cewa yana shanye ruwa duka. Wani kaso ne kawai ke bi ta tsakaninsu, shi ma yana raguwa in ƙura ta toshe. Amfaninsa babba shi ne ana iya tayar da shi a mayar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abin da ke wajen katanga ba namu ba ne, na hukuma ne, kuma duk ranar da masu ruwan famfo ko masu lantarki suka zo haƙa, ba za su tambayi nawa muka kashe ba.

Matsalar ita ce kuɗi. Da aka yi mana lissafin shimfiɗe filin duka, sai da ya lashe albashinmu na fiye da wata biyu. Don haka muka raba gardama. Muka sa pabe a tsakiya, faɗin mita 3, inda mota ke bi kuma Inna ke takawa. Ragowar mita 1 na gefen Yaba muka bar shi ƙasa, muka ɗaga bakinsa da marmara, muka dasa darbejiya nesa kaɗan da katanga. Muka sa magini ya karkatar da gangaren, santimita 2 a kowane mita, zuwa wata 'yar kwata da muka haƙa ta bi gefen namu ginin ta fita hanya. Wajen sayen pabe kuwa mun zaga masu bugawa har huɗu. Araha ba ta ado: wanda aka ƙwange masa siminti, in ka goga biyu sai ka ga gari na zuba, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji sautinsa a dushe. Mun sayi wanda ya yi ƙara kamar tasa, kuma ya kwana biyu da bugawa. Ƙaninmu ya yi fushi na mako guda, amma ya kawo rabonsa. Inna kuma ta sa aka nemo mata makuba, ta tara jikoki suka daɓe gindin bishiyar, inda take zama da yamma.

An gama aiki a watan Fabrairu na 2024, damina ta zo ta gwada shi. Ba za mu ɓoye muku aibinsa ba. Ciyawa na tsirowa a tsakani, sai an bi ana cirewa. Tururuwa na fitar da yashi. Kusurwa guda da ba a daddaɓe sosai ba ta lotsa, ruwa ya kwanta. Amma ranar wata Lahadi mu da yara muka tayar da pabe ashirin da 'yan kai, muka ƙara marmara, muka mayar, ko sisi ba mu ba magini ba. Katangar Yaba tana nan tsaye. Inna na fita da asuba ba mai riƙe ta.

Ranar da muke wannan gyara, muna riƙe da pabe a hannu, sai maganar Baba ta faɗo mana. Ashe ba mu saɓa masa ba, tun da abin da muka shimfiɗa ana iya ɗauka a loda a amalanke. Sai dai muna roƙon Allah kada ya sake nuna mana wannan rana, domin 'ya'yanmu nan suka sani gida, ko da yake in an tambaye su sukan ce su 'yan Zango ne.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, kafin ku je wurin magini ku jira a yi ruwa mai ƙarfi, ku fito da lema ku tsaya ku ga inda yake bi. Ku duba wa ke takawa a wurin, tsoho ne ko yaro ko mota. Ku san iyakar filinku da na hukuma. Sa'an nan ku yi sallama da maƙwabcin da ke ƙasa da ku, kada ku bari shi ya fara zuwa kamar yadda ta faru da mu. Mai marmara bai yi laifi ba, mai siminti ma haka, muddin ya yi wa ruwansa hanya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan magabatanmu, ya bar zumunci. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.