Ni Da Tsohuwar Fijon Babanmu

 Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, zancen mota na kawo, don haka kada wadda ta turo baki ta ce ina ruwan mace da baƙin mai. Ki daure ki karanta zuwa ƙarshe, sannan ki yanke hukunci.

A gidanmu mu shida ne, duk mata. Babanmu tsohon malamin makaranta ne, ya yi ritaya, abin da ya mallaka bayan gidan da muke ciki shi ne wata farar Fijo 504 wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Irin wannan mota a Faransa aka fara ƙera ta a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. An daina yin ta tuni, amma har gobe direbobi na yaba ƙarfinta. Mu kuwa ita ce ƙafarmu. Ita ke kai Umma asibiti duk wata saboda hawan jini, ita ke kai ƙannena makaranta. Ranar da ta ƙi tashi, to gidan gaba ɗaya ya tsaya.

Da idon Baba ya fara rauni, ga kuɗin fansho ba ya isa, ga mai ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023, sai ya kira ni ya ce, "Zo nan 'yar Baba, ba ni da ɗa namiji, amma ina da ke. Riƙe min wannan sifana." Tun daga ranar kowace Asabar da safe muna gindin mota, yana faɗa ina yi.

Abu na farko da ya koya min ba gyara ba ne, shiri ne. Mayafi da dogon hijabi ba sa zuwa kusa da injin da ke aiki, domin fanka ko fanbel na iya fizgar su cikin ƙiftawar ido. Ki ɗaure ɗankwali tamau, ki cire awarwaro da zobe, saboda ƙarfe in ya haɗa kawunan batir wuta yake tartsatsi, ya ƙona hannu.

Sai baƙin mai, wanda Baba ke kira jinin mota. Ana duba shi ne mota na tsaye a wuri mai daidai, injin a kashe ya huce. Ki zaro gejin, ki goge da tsumma, ki mayar, ki sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomi biyun nan. In ya yi ƙasa ki ƙara, domin injin da ba mai bugawa yake yi, kuɗin gyaransa kuwa sai an sayar da kadara. In kika ga man ya yi fari-fari kamar shayi mai madara, ruwa ne ke shiga cikinsa, wannan kam sai makanike.

Ruwan lagireto shi ma da safe ake dubawa. Wallahi ƙawata ko da wasa kada ki buɗe murfinsa mota na da zafi, ruwan a matse yake, zai yi tsiri ya sale miki fuska. Batir kuma, in kika ga wani farin gari ya taru a kansa, shi ke hana wuta wucewa har mota ta ƙi tashi. Ki fara kwance wayar da ke da alamar ragewa, ki wanke kan da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ki goge ya bushe, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe. Lokacin hunturu ki yawaita kakkaɓe matatar iska, don in ƙura ta toshe ta mota sai ta riƙa shan mai kamar rijiya.

Canjin taya ne ya fi ba ni wuya, amma yanzu ni kaɗai nake yi. Ki ja birkin hannu, ki sa giya, ki tare wata tayar da dutse, ki sassauta notika tun tayar na ƙasa, sannan ki ɗaga da jak. Kuma kada ki taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Birki da sitiyari kuwa Baba ya ce ba wurin koyo ba ne, rayukan mutane ne, a kai wa masu sana'ar.

Surutu kam na sha shi. Wata maƙwabciyarmu ta ce da Umma, "Hajiya, wa zai auri yarinya tana warin fetur?" Wani da ke zuwa zance wurina ya tarar da ni hannu baƙi ƙirin, ya yatsina fuska, bai sake dawowa ba. Raina ya sosu, ba zan ɓoye muku ba. Amma daren da jikin Umma ya rikice wajen ƙarfe biyu, mota ta ƙi tashi, ba makanike ba maƙwabci, ni na haska fitila na ga kan batir ya sassauta, na ɗaure, muka kai ta asibiti a kan lokaci. Baƙin mai sabulu ke wanke shi, uwa kuwa ba a sayen ta a kasuwa.

Don haka ƙannena, in akwai mota ko babur a gidanku, ki nemi izini ki tsaya kusa ranar da ake buɗe ta, ki yi tambaya. Ba zai rage miki kwalliya ba, ba zai hana ki miji nagari ba, domin mai son ki da gaskiya alfahari zai yi da ke. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.