Inda Fatun Ruwan Godiya Suke Ƙarewa

Bayan Babbar Sallah, 'yan fata kan zaga ƙauyukan ƙasar Faskari suna tattara fatun layya, su barbaɗa musu gishiri, su loda sai Kano. Na bi irin wannan lodi daga Ruwan Godiya, ta Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo, domin in ga inda hajar take ƙarewa.

Kafin ido ya ga masana'antun Chalawa, hanci ya riga ya sanar. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata majema da aka daɗe da rufewa: ƙofa a garƙame, ciyawa ta cinye harabar, ga tsofaffin ramukan dagwalo a buɗe, awaki na kiwo a gefensu. Mai wucewa zai ɗauka da injuna suka yi shiru gubar ma ta tafi.

Kakanninmu da toka da bagaruwa suka yi jima, har Turawa suka riƙa sayen fatar jar akuyar Sakkwato da sunan fatar Maroko. Bagaruwa takan ruɓe ta koma ƙasa. Majemun zamani kuwa da sinadarin kuromiyam suke aiki, shi kuma dangin ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Yana nan kwance cikin laka, damina na tura shi rijiyoyi da fadamu. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, har madatsar Wasai, kuma da ruwan ake ban-ruwan latas da alayyafon da ke shiga kasuwannin birni.

Gyara mai yiwuwa ne, kuma maƙwabtanmu Zamfarawa sun shaida. Gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Sai a 2013 aka share Bagega: aka kankare ƙasar sama gida-gida, aka binne ta, aka zuba sabuwa, sannan likitoci suka fara magani, tunda ba amfanin warkar da yaron da zai koma wasa cikin guba.

An kafa hukumar NESREA tun 2007 don tsare dokokin muhalli. A ganina aikinta na farko a Chalawa da Sharaɗa da Bompai shi ne ta auna ƙasar kowace rufaffiyar majema, ta bayyana sakamakon, ta kuma nemo mai filin ya biya kuɗin shara. Kano na faɗaɗa kullum, irin waɗannan filaye kuwa dillalai ba sa daɗewa ba su yanka su fuloti-fuloti ba.