Inuwar Dami Ba Baƙa Ba Ce

Gonar hatsi ba launi ɗaya gare ta ba. Da sassafe akwai shuɗi-shuɗi a cikinta, hantsi na dubawa ta koma ruwan ɗorawa, da la'asar kuwa kan zangarniya ya yi ja kamar an barbaɗa masa jar ƙasa. Abin da masu zanen Faransa da ake kira amfireshonis suka bi ke nan, wato hasken da ke kan abu a sa'ar da ido ya faɗa masa. Sunan ma da ba'a ya soma: a 1874 wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya ga zanen fitowar rana na Claude Monet a Faris, ya yi masa dariya da wannan kalma, ta kuwa bi su.

Wanda ya koya mini tsohon mushen lakwal ne a Maraɗi. Ranar farko ya ɗauke baƙin fenti daga gabana ya jefa aljihu. Ya ce in dubi inuwar dami da kyau. Na duba, sai ga shuɗi da ɗan ja-ja, baƙi ko ɗigo babu. Ya hana ni dama launuka har su saje. A ɗora wannan kusa da wancan, gajeren shafi, sannan a ja da baya taku biyar, ido ya haɗa su da kansa. Kusa-kusa abin kamar kaji sun yi tono. Daga nesa sai gona ta tashi.

Wahalar ita ce rana ba ta jira. Monet ya zana tarin hatsi na Giverny fiye da sau ashirin tsakanin 1890 da 1891, yana sauya allo duk lokacin da haske ya juya. Ni allo biyu gare ni, kuma zafinmu na busar da fenti tun yana bakin burushi. Hazon hunturu kaɗai ke yi mini adalci, don yana tausasa komai.

Gonar babanmu nake zanawa. Gari ya cim mata, yayyena sun shirya a yanka ta filaye bayan girbin bana. Inna ta daɗe tana kallon na uku da na gama. Ba ta ce ya yi kyau ba. Ta dai aza yatsa kan wani tabo mai duhu a gefen gabas, ta ce, "Gawon nan ne babanku ke rataye gorarsa."