Faifan da Na Jefa Sama

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, falken goro ne. Ya yi shekaru yana safara tsakanin Kano da Shagamu da Ibadan, kuma kusan duk dawowar da zai yi sai an sami faifan garmaho ɗaya ko biyu a cikin kayansa. Yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa inda yake jera su. Da kaset ya shigo gari, garmahon kuma ya lalace aka rasa mai gyara, sai akwatin ya zama namu, mu yara. Muka mai da faya-fayan nan abin wasa, muna wurga su sama a bayan gida muna kallon yadda suke shawagi kafin su faɗo su tsage. Mun fara da waɗanda muke kira "na Yarbawa", domin ba mu san abin da suke faɗa ba. Da suka ƙare muka koma kan na Shata. Mahaifinmu ya gani bai tanka ba, ni kuwa a lokacin na ɗauka shirun nasa izini ne.

Yau shekaruna sun haura arba'in, ina koyar da adabin baka a Kudu, kuma na rubuta kundin digiri na uku a kan waƙoƙin makaɗan Hausa. Sai dai kusan duk abin da na nazarta daga kaset ne da aka kwafa daga wani kaset, ko kuma daga takarda, inda waƙa take kwance babu kalangu babu 'yan amshi. Wannan ne ya sa wata Asabar na shirya na nufi wani lungu da ke bayan kasuwar Dugbe, inda aka kwatanta mini rumfar wani dattijo mai sayar da tsofaffin faya-fayai. Niyyata guda ce, wato in sami faifan Alhaji Mamman Shata irin wanda na fasa da hannuna.

Rumfar ƙarama ce, mai duhu, tana warin tsohuwar takarda da ƙura. Dattijon Bayarabe ne, amma ya zauna a Sabon Garin Kano a ƙuruciyarsa, saboda haka da ya ji gaisuwata sai ya amsa da Hausa, ya turo mini kujera. Kafin a yi maganar ciniki sai da ya karantar da ni. Ya nuna mini faifan da ake kira 78, wanda yake juyawa sau 78 a minti ɗaya, mai nauyi da saurin fashewa, kuma gefensa ɗaya bai cika wuce minti 3 ba. Ya nuna mini ƙaramin nan na 45, sannan babban mai faɗin inci 12, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, mai ɗaukar kimanin minti 20 a kowane gefe. Nan take na fahimci abin da ban taɓa kawowa a cikin kundina ba: mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa a dandali, idan ya shiga ɗakin ɗaukar murya dole ya yanka waƙarsa daidai da faɗin faifai. Ashe tsawon wasu waƙoƙin da muke ta yi wa sharhi a aji, na'ura ce ta ƙayyade shi.

Ya kuma koya mini yadda ake duba faifai kafin a saya. A riƙe shi ta baki-baki, kada yatsa ya taɓa layukansa. A karkata shi wajen haske a nemi karce. A ɗora shi bisa tebur a ga ko zafin rana ya lanƙwasa shi, domin lanƙwasasshen faifai yakan sa allura tsalle. Da na fara bincika kwalayen sai na yi ta cin karo da tambarin EMI da Decca da Philips, da sunaye irin su Rex Lawson da I.K. Dairo da Haruna Ishola da Osita Osadebe. Na Hausa kuwa babu ko ɗaya.

Na ce, "Baba, babu Shata?"

Ya yi murmushi, ya miƙa hannu bayan kujerarsa ya zaro faifai guda a cikin leda. Shata ne, da hotonsa a bango. Amma da ya faɗi kuɗin sai na ji kamar ban ji daidai ba. Ya ce, "Malam, ba ni na sa wannan farashi ba. Akwai masu zuwa daga Ikko suna kwashewa kwali-kwali, suna aikawa Turai." Ba ƙarya ya yi ba. Tun da kamfanin Strut ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, Soundway kuma ya biyo baya da Nigeria Special a 2008, sannan aka sake buga waƙoƙin William Onyeabor a Amurka a 2013, masu tara faya-fayai a ƙasashen waje suka buɗe ido a kan kiɗan ƙasar nan. Abin da muka zubar a juji, su suka sunkuya suka ɗauka, kuma ban ga bakin da zan zarge su da shi ba.

Na roƙi ya ajiye mini zuwa ƙarshen wata. Ya ce zai yi ƙoƙari, bai dai yi alkawari ba. Ina shirin tashi sai ya ce in dakata, baƙo ba ya fita rumfarsa bai ji komai ba. Ya zaɓo wani faifai, ya goge shi da ƙyalle, ya ɗora allura. Aka yi 'yar ƙarar nan kamar ana suya a nesa, sai goge ya shigo a hankali, ƙaramar ganga na biye da shi, sannan wata murya mai nauyi wadda ba ta gaggawa. Tsigar jikina ta tashi. Na san wannan kiɗa. Shi ne mahaifina yake sawa bayan sallar lisha, ƙasa-ƙasa, yana kishingiɗe yana lissafin huhun goro.

Na tambayi dattijon ko wane ne. Ya ce Yusuf Olatunji ne, wanda ake wa laƙabi da Baba Legba, gwanin kiɗan sakara da ya yi zamaninsa a Abeokuta, ya kuma rasu a 1978. Abin da yake gogawa Yarbawa na kiransa goje, wato dai gogenmu ne, ƙwarya da fata da tsirkiyar gashin doki. Na zauna ina saurare har gefen ya ƙare, kunya kuma ta rufe ni. Mahaifina bai yi boko ba, amma fatauci ya buɗe masa kunne har ya ji ɗan'uwan kiɗan gida a bakin maƙwabci. Ni kuwa da digirina, na shekara fiye da goma a cikin Yarbawa, ina cin amala da su, ina koyar da 'ya'yansu, ban taɓa zama na saurari tsohon kiɗansu ba. Kuma irin wannan faifai ne na fara wurgawa sama.

Na saye shi, kuɗinsa bai kai rubu'in na Shata ba. Da wata ya ƙare na koma da albashina a aljihu, dattijon ya buɗe mini tafin hannuwansa biyu, ya ce an riga ni da kwana uku. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, amma da-na-sani ƙeya ce. Na dawo da faifan Haruna Ishola da na Rex Lawson, yanzu kuma kowane wata nakan ware ɗan abin da ya sawwaƙa in leƙa rumfar.

A zangon da ya wuce na ari na'ura na kai Baba Legba aji. Wata ɗaliba Bayarabiya ta fassara mana baitocin, wani ɗalibi ɗan Katsina ya yi mana bayanin yadda ake harhaɗa goge a garinsu, muka cinye awa biyu ba mu buɗe littafi ba.

Roƙona ga mai karatu, musamman ɗalibanmu masu tafiya gida hutu, shi ne ku leƙa ƙarƙashin gadajen iyayenku da kakanninku. In kun sami akwati irin namu, ku ɗauke shi daga rana da damshi, ku jera faya-fayan a tsaye, kada ku ɗora wani bisa wani. Sannan ku zauna da mai akwatin tun yana raye, ku tambaye shi inda ya sayi kowanne da dalilin da ya sa ya saye shi. Ni ban yi wannan tambaya ba, kuma wanda zai amsa mini ita ya riga ya tafi.