Tukunyar da ke dafa dutse

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A gaɓar tekun Atalantika, cikin jihar Men ta Amurka, akwai wata tsohuwa, matar wani masunci marigayi, wadda ke cika wannan karin magana duk lokacin da ɗari ya kama. Dutsenta shi ne klam, wata halittar teku mai ɓawo biyu masu tauri, ƴar uwar ƙumbar da yara ke tsinta a bakin gulbi. Romon kuwa shi ne cauda, farar miya mai madara wadda yankin Niyu Ingilan ya yi suna da ita.

Masana da dama na ganin sunan ya samo asali daga kalmar Faransanci chaudière, wato babbar tukunyar ƙarfe irin ta masunta. Abincin talakawan bakin teku ne, amma ya kai matsayin da Herman Melville ya keɓe masa babi guda cikin littafinsa Moby-Dick a 1851. A 1939 ma wani ɗan majalisar jihar Men ya nemi a haramta sa masa tumatir, yadda mutanen Niyu Yok ke yi.

Bana hannun tsohuwar ya soma rawa, wuƙa ba ta zama cikinsa. Da jikarta ta zo hutu, sai ta kawo mata miyar cikin gwangwani, wai don ta huta. Tsohuwar ta dubi gwangwanin, ta ce: “Ɗiyata, ajiye shi can. Ɗauko tukunya.”

Daga kan kujera take ba da umurni. Yarinyar ta goge ɓawon, ta jiƙa su cikin ruwan gishiri don su tofar da yashi. Duk wanda ya buɗe baki, aka ƙwanƙwasa shi bai rufe ba, ya mutu, sai zubarwa. Ta turara sauran cikin ruwa kaɗan har suka buɗe, ta tsame naman ta yayyanka, ta tace romon da ƙyalle. A al'adarsu da kitsen alade ake soya albasa. Wanda addininsa ya hana yakan sa man shanu. Albasar ta yi laushi ba ta yi ja ba, aka zuba romon da dankalin turawa. Da ya nuna, ta murƙushe kaɗan a jikin tukunya domin miya ta yi kauri.

Saura madara da kirim da naman, kuma a nan ne gwaninta take. In tukunya ta tafasa, madara ta tsinke, nama ya koma kamar roba, aikin yini ya tashi a banza. Yarinyar ta kai hannu za ta ƙara wuta.

“Kaka, ba ta sauri.”

“Rage mata. Tsaya kanta har ki ga tururi, kada ki bari ki ga kumfa.”

Ta tsaya da ludayi a hannu, idonta bai bar bakin tukunya ba. Tsohuwar ta ɗanɗana, ta yi shiru, sa'an nan ta ce gishiri ya kasa, amma gobe miyar za ta fi daɗi, don kwana ke haɗa ta. Da yarinyar ta tashi komawa makaranta, gwangwanin na nan bisa kanta, ba a buɗe shi ba.